Tsutsar da Ta Kusa Sa a Ƙona Gonar Malam Tanimu

Yaran yanzu idan suka ji an ce aikina duba ƙwari ne, sai su kama dariya. Ɗan ƙanwata da ya gama karatu a Kafin Hausa ya taɓa ce mini, "Kawu, wannan ai ba aiki ba ne. Hoto kawai za ka ɗauka, waya ta faɗa maka sunan ƙwaro har da na kakansa." Na ce ya zauna in ba shi labari. Ya ce sauri yake yi. To tunda shi ya ƙi zama, bari in rubuta muku, ku da kuke da irin kansa.

Sunana Habu, amma daga Dutse har Ringim ba wanda zai nuna muku gidana sai kun ce Habu Mai Tsutsa. Malamin gona ne ni, ɓangaren ƙwari. Sauran malaman gona ana tarbarsu da fura. Ni kuwa da na sauka daga babur sai a taho mini da ƙwaro a gwangwani, a buɗe a gaban hancina, a ce, "Malam, mene ne wannan?" An taɓa tare ni da gwangwani a wurin ɗaurin aure. An taɓa miƙo mini ta tagar mota muna cikin tafiya. Ina jin ko ranar da za a kai ni makwancina sai wani ya biyo gawa da gwangwani.

Kayan aikina ba su da yawa, jaka ɗaya ce. Akwai gilashin ƙara girman abu wanda igiyarsa ta yi baƙi saboda gumin wuyana. Akwai kwalabe, da allurai masu tsawo, da ɗan hantsaki, da akwatin katako da nake jera ƙwarin da na busar. Akwai farin zanen gado da ake ratayawa a gaban fitila bayan magariba don ƙwari su sauka a kai, wanda asalinsa na matata Hajiya Binta ne, kuma har yau ba ta daina tambayar ranar da zan mayar mata ba. Sai littafi. Wani tsohon littafi ne mai kauri, bangonsa ya tafi tun kafin in fara aiki. Kowane ƙwaro a ciki an zana hotonsa, a gefe kuma ga 'yar taswirar duniya an shafa baƙi a ƙasashen da ake samunsa.

Littafin na maigidana ne, marigayi Malam Garba, wanda a hannunsa na koyi aikin. Ranar da na fara bin sa ya kai ni wata gonar dankali, ya ce in nemo masa abin da ke cin ganyen. Na yi ta leƙen ganye har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba. Shi ko yana zaune a kan kunya yana cin goro. Can ya ce, "Habu, ƙasa ake dubawa." Na duba ƙasa, sai ga wasu baƙaƙen ƙwayoyi kamar kashin ɗan akuya. Ya ce, "To ɗaga kanka daidai saman kashin." Na ɗaga, muka yi ido huɗu da wata tsutsa koriya mai kaurin babban yatsana, da ƙaho a gindinta. Na yi tsalle ɗaya na tsallake kunya bakwai. Malam Garba ya ce uku ne, amma shi a zaune yake, ni ne na yi tsallen.

Tambaya uku ya koya mini, ya ce duk wanda ya amsa biyu ya bar ɗaya, maƙaryaci ne ko da ya faɗi daidai. Yaya kamarsa? Me yake ci? A wace ƙasa ake samunsa? Ya ce ƙwari suna da 'yan uwa masu kama da su a wasu ƙasashe, kamar yadda za ka ga mutum a kasuwa ka rantse ƙaninka ne. Kama kaɗai ba ta isa ba, sai ka duba taswira.

Ita wannan tsutsa mai ƙaho, idan ta girma takan shiga ƙasa ta kwanta, ta fito da fuka-fuki. Irin malam-buɗe-littafin dare ne, amma ba ƙananan nan da ke faɗawa cikin miya ba. Manya ne, jikinsu kamar sigari, fuka-fukansu sirara kamar na jirgin yaƙi, suna iya tsayawa cak a iska a gaban fure. Wanda ke fitowa daga tsutsar dankali toka-toka ne, da zane ruwan hoda a cikinsa, harshensa kuwa ya fi jikinsa tsawo, yana naɗe shi kamar tabarma. Akwai wani kore mai kama da kakin soja da ke zama a furannin da ake shukawa a harabar ofisoshi. Akwai kuma na uku. Shi wannan ku dakata sai mun isa gonar Malam Tanimu.

Kafin nan sai na faɗa muku shekarar da na sha kunya, don in ban faɗa ba wani zai faɗa muku da ƙari. Shekarar da baƙuwar tsutsar masara ta shigo ce. Wani manomi ya kawo mini ita a gwangwani, na duba sama-sama, na ga ta yi kama da wata da ke cikin littafi, na ga taswira ta ce sai a Amurka. Na ce masa, "Tamu ce ta gida, je ka kwanta. Waccan ko fasfo ba ta da shi." Ashe ta riga ta shigo ba fasfon. Kafin wata biyu masarar yankin nan ta koma kamar an yi mata ɓarin harsashi. Na yi wata shida ina zagaye ta bayan kasuwa don kada in haɗu da mutumin. Tun daga lokacin ofishinmu ya kafa doka: duk ƙwaron da aka ga alamar baƙo ne, a rubuta rahoto, a tumɓuke gonar a ƙone, a yi feshi a kewaye.

Bayan wannan ne aka kawo mana sabuwar shugaba, Madam Rifkatu, 'yar Filato ce, tana zaune a unguwar Yalwawa a Dutse. A haife na haife ta, amma digirinta biyu, ni kuwa takardata ɗaya ce kuma gara ta ci gefenta. Mace ce mai son aiki, ba ta zaman ofis. Baba Habu take ce mini, ni kuma in ce ranki ya daɗe.

Wata Talata da rani muka je fadamar wani ƙauye kusa da Ringim, saboda wani manomi, Malam Tanimu, ya aiko cewa wani abu na aske masa tumatir. Gona ce mai kyau, tumatirin ya yi 'ya'ya kore shar, saura 'yan makonni ya nuna. Duk abin da gidansa zai ci har damina yana rataye a jikin waɗannan rassa. Na duba ƙasa, na ga kashin, na ɗaga kai. Ga ta nan. Ni dai na ce ta kai hannun jariri, Madam ta auna ta ce ba ta kai tsawon biro ba. Koriya ce mai sirkin rawaya, da zane-zane a karkace a gefenta, da ƙaho a gindi.

Madam ta ɗauki hoto, ta tsaya tana duban waya, sai na ga fuskarta ta canja.

Ta ce, "Baba Habu, mun shiga uku. Tsutsar tumatir ce ta Amurka."

Na ce, "Ranki ya daɗe, waccan ba ta zo nan ba. Taswira ta ce..."

Ta ce, "Taswirar da ta ce tsutsar masara ba ta zo ba?"

Na sosa ƙeya. Ashe har labarin ya isa Filato.

Malam Tanimu yana tsaye da fartanya a kafaɗa, yana duban bakin wannan yana duban bakin wancan. Ya ce, "Malam, me ake ciki ne?" Da Madam ta yi masa bayanin doka, sai ya ajiye fartanyar a hankali ya zauna a bakin kwalbatin ban ruwa. Ya ce, "A ƙone? Duka? Madam, ko rabi ba za a bar mini ba?"

Na sa gilashina na sake duba tsutsar. Na ce, "Ranki ya daɗe, zo ki ga ƙahon nan. Na Amurka a littafi santsi ne da shi, kusan a miƙe yake. Wannan kuwa gurji-gurji ne kamar bayan kada, ga shi ya lanƙwashe sau biyu kamar wutsiyar kare. Taɓa ta ki ji." Ta taɓa ta da tsinke, tsutsar ta juyo tana ƙas-ƙas da baki. Na ce, "Wannan 'yar gida ce. Na san ubanta."

Ta ce, "Idan ka sake kuskure, ba gona ɗaya za a rasa ba, duk fadamar ce. Kuma sa hannuna ne a takardar."

Gaskiya ta faɗa. Sai na roƙe ta abu ɗaya, abin da Malam Garba yake yi idan gardama ta ƙi ƙarewa: a rene ta. Tsutsa tana iya ruɗa mutum, amma idan ta fito da fuka-fuki ba sauran musu. Madam ta yi tunani, ta ce ta ba ni wata ɗaya. Amma da sharaɗi: kullum a bi gonar a tsince tsutsotsin da hannu, kuma ko kwando ɗaya na tumatir ba zai fita daga gonar ba sai an san ko wace ce. Malam Tanimu ya ce, "In ya nuna kafin nan fa?" Ta ce, "Sai mu yi addu'a ta riga shi."

Kun ga ke nan tsere aka shiga tsakanin tsutsa da tumatir, kuma kowa ya san tumatir ba ya jiran mutum.

Biyar na ɗauko na kawo gida. A nan ne za ku gane ko aikin mai sauƙi ne. Renon tsutsa ya fi renon tagwaye wuya. Kullum da safe sai sabon ganyen tumatir ko na gauta, kuma ci suke yi kamar 'yan ƙwadago. Ranar farko na ajiye su a tsakar gida na shiga alwala, kafin in fito kazar Hajiya ta haɗiye biyu, tana tsaye tana kallona ko kunya babu. Ta uku ta daina cin abinci, bayan kwana biyu wasu ƙananan tsutsotsin ƙuda suka fasa cikinta suka fito, ashe tun a gona aka yi mata ƙwai a jiki. Ta huɗu tururuwa suka yi mata taron dangi. Saura ɗaya. Gonar mutum guda tana rataye a wuyan tsutsa guda.

Da na ga launinta ya fara duhu, ta bar ganye tana ta zagaye kamar mai neman takalminsa a masallaci, na san lokacin shiga ƙasa ya yi. Tana bukatar ƙasa mai laushi, mai zurfi, mai ɗan sanyi. Na duba gidan kaf, ban ga abin da ya dace ba sai tukunyar ƙasar da Hajiya ke dafa miyar kuka. Na cika ta da ƙasa, na kafa ɗan kara a tsakiya don in ta fito ta sami abin hawa ta shanya fuka-fuki, in ba haka ba za su bushe a murɗe. Na yanko gefen gidan sauro na rufe bakin.

Hajiya ta dawo daga unguwa ta tsaya a kan tukunyar. Ta ce, "Malam, me ke cikin tukunyata?"

Na ce, "Baƙuwa ce, ta kwana kaɗan."

Ta ce, "Zanen gadona bai ishe ka ba? Gidan sauron kuma wa ya yanka?"

Na ce, "Aikin gwamnati ne."

Ta ce, "To gwamnati ta dafa maka miya."

Kwana goma na yi ina yayyafa ruwa da yatsa, ba da yawa ba don kada ta ruɓe, ba kaɗan ba don kada ta bushe. Ranar na goma na tona a hankali da cokali. Ta rikiɗe ta zama wani abu ja mai sheƙi, sak dabinon Dutse mai kyau. Na juya shi na duba wajen kai, sai na yi kabbara. Irin na Amurka, da na dankali ma, idan suka kai wannan mataki suna da wani mariƙi a ka kamar hannun buta, a ciki dogon harshensu yake kwance. Wannan ba shi da mariƙi ko kaɗan. Na naɗe shi a auduga na garzaya ofis.

Madam ta duba, ta duba littafi, ta sake dubawa. Ta ce, "Na fara yarda da kai, Baba Habu. Amma ba zan sa hannu a kan dabino ba. Mayar da shi."

Na mayar. Malam Tanimu kuwa kullum sai ya kira. "Malam, ta fito?" In ce tukuna. "Malam, na gefen rijiya ya fara ja." In ce ya yi haƙuri. "Malam, dillalai sun zo sun koma." Har ya zama idan wayata ta yi ƙara sai in leƙa tukunya kafin in ɗauka. Na yi wa dabinon nan magana da lallami, na yi masa da faɗa. Na taɓa yi masa alkawarin fili a Yalwawa.

Ranar da ta cika mako uku da 'yan kwanaki a ƙasa, da safe ina shan koko a zaure, sai na ji salati daga cikin gida, na ji tsintsiya ta faɗi. Hajiya ta wuce ni a guje ba takalmi, mace da ke cewa gwiwa ta hana ta hawa matakala. Daga ƙofar maƙwabta take ɗaga murya: "Kuka yake yi! Abin cikin tukunya kuka yake yi!"

Na shiga. Yana manne a jikin karan, ya gama shanya fuka-fuki. Baƙi-baƙi ne mai sirkin ƙasa-ƙasa, fuka-fukan ciki rawaya da baƙin layi, cikinsa rawaya da baƙi kamar na zanzaro. A doronsa kuwa, daidai bayan kai, ga zanen ƙoƙon kan mutum, da ramukan ido biyu, kamar wani ya zauna ya zana da alli. Na taɓa shi da yatsa, ya ce tsiii, kamar ɓera. Wannan shi ne na ukun da na ce ku dakata. Na Amurka ba shi da ƙoƙon kai, ba ya kuka, ɗige-ɗige ne kawai a gefen cikinsa. Taswirar wannan kuwa Afirka ce baƙi ƙirin daga sama har ƙasa.

Ban tsaya ƙarasa kokon ba. Na ɗaure tukunyar a bayan babur, na biya ofis. Madam ta leƙa, ta ja da baya, ta ce, "Yesu!" Sannan ta matso, ta buɗe littafi, ta bi shi gaɓa-gaɓa da bakin biro. Ta rufe littafin ta ce, "Tashi mu je Ringim."

Mun tarar da gonar ta yi ja kamar an shimfiɗa darduma. Malam Tanimu ya taho da gudu, na buɗe masa tukunya ina washe baki, ina jiran godiya. Ya leƙa. Ya ga ƙoƙon kai. Abin ya ce tsiii.

Ya ce, "A'uzu billahi! Wannan ne ya fito daga gonata? Madam, kawo ashana, ni da kaina zan ƙone ta. Ai gara na Amurkan!"

Wata ɗaya ina hana gwamnati ƙona gona, yanzu ga mai gonar yana neman ashana. Muna cikin wannan sai wani tsoho da ke zaune a gindin tsamiya ya taso yana dogara sanda. Baffan Malam Tanimu ne, Baffa Isiyaku, mai amyoyin zuman da ke rataye a itatuwan bakin fadamar. Ya leƙa tukunyar, ya yi tsaki.

Ya ce, "Kai Tanimu, ba ka da kunya. Ɓarawon zuma ne fa."

Madam ta rusuna ta ce, "Baba, ka san shi?"

Ya ce, "Yarinya, ni da shi mun fi shekarunki muna shari'a. Amya yake shiga ya sha zuma, ƙudan ba su cika kula shi ba. Wani in ya sha ya yi nauyi sai ƙofa ta gagare shi, ya mutu a ciki, su lulluɓe shi da kaki. Ina yaro mahaifina ya nuna mini shi a cikin saƙar zuma. Shi ya sa nake matse bakin amyata da taɓo."

Ta ce, "Tun kana yaro? To Baba, me ya sa ba ka faɗa ba tun ranar da muka zo?"

Ya ce, "Wa ya tambaye ni? Na ga kuna tambayar waya. Kuma ku tsutsa kuka zo nema, ina ruwan tsutsa da ɓarawon zuma?"

Na ce, "Baffa, ai tsutsar ce ta zama shi."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Malam, an ce kana da ban dariya, amma ni ba sa'anka ba ne." Sai da na tono masa ɓawon dabinon da abin ya fito daga ciki, ya juya shi a tafin hannu ya fi sau goma, sannan ya ce, "Ikon Allah. Ashe a gonar ɗana ake renon ɓarawona."

Madam ta ciro rahoton da ta rubuta tun wata guda ta ajiye a jaka ba sa hannu, ta yaga shi biyu. Ta ce, "Malam Tanimu, kira dillalanka." Bai jira ta rufe baki ba. Kafin la'asar kwanduna sun yi layi a bakin hanya, mu ma aka sa mu tsinka, har da Madam da takalminta mai tsini. Wanda ya ruɓe bai kai a yi kuka a kansa ba. Da ƙwaron nan ya ƙara kwana huɗu a ƙasa, da sai dai a yi wa awaki walima.

Yana nan cikin akwatina har yau, da allura a doronsa. A 'yar takardar da ke ƙarƙashinsa Madam ta rubuta wurin da aka samo shi, da ganyen da ya ci, da sunansa na littafi, a ƙasa kuma ta ƙara da hannunta: ɓarawon zuma, in ji Baffa Isiyaku. Yanzu duk gonar da muka je, kafin ta ciro waya sai ta tambaya ko akwai tsoho a kusa. Hajiya kuwa ta ce ko da za a wanke tukunyar nan da ruwan Zamzam ba za ta ƙara dafa miya a ciki ba, don haka ta zama tawa, na samu ƙarin kayan aiki.

Shi kuma ɗan ƙanwar tawa, ya sake zuwa kwanan baya, ya tarar na tono wani daga tukunya na ajiye a faranti zan duba. Na ce, "Yawwa, ga aiki mai sauƙi. Tambayi wayarka." Ya ɗauki hoto, ya duba, ya yi murmushi. Ya ce, "Kawu, ai ko ba waya na san wannan. Ta ce dabino ne." Ya kai hannu zai kai baki.

Da kyar na riƙe hannunsa. Dabinon ya motsa gindi. Wannan karon da na ce ya zauna, ya zauna.